Yadda Asembula Take Bin Sawun Adireshin Umarni da Bayanai a Cikin Yankunan Shiri

Duk ranar Asabar bayan sallar La'asar, wasu samari masu gyaran waya a kasuwar kwamfuta ta Ikeja sukan biyo ta wurina a Agege mu yi karatun harshen na'ura, kuma tambayar da ba ta taɓa barin zamanmu ita ce: idan na rubuta suna kamar `sako` a cikin shiri, ta yaya na'ura take sanin inda abin yake, alhali firosesa ba ya karanta suna, lamba kawai yake ganewa? Amsar tana hannun asembula, wato manhajar da ke mayar da rubutun mai shiri zuwa lambobin da firosesa yake aiwatarwa. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, asembula ba ta san adireshin ƙarshe na kusan komai ba. Abin da ta sani shi ne nisan kowane abu daga farkon sashensa, sauran kuma takan bar masa gurbi, ta rubuta bayanin yadda za a cike shi daga baya.

Wanda ya taɓa neman shago a bene mai hawa uku a kasuwar Ikeja ya san wannan tsari. Za a ce masa shago na 7 daga bakin matakala a hawa na biyu, wannan bayani kuma daidai ne ko da bai san lambar ginin a kan titi ba. Sai an gaya masa inda ginin yake kafin ya iya haɗa cikakken adireshi.

Don bin wannan darasi ana buƙatar kwamfuta mai firosesa irin x86-64 da ke aiki da Linux, da asembula mai suna NASM, wadda Simon Tatham da Julian Hall suka fara rubutawa a 1996, sai tarin manhajojin binutils da ke ɗauke da `ld` da `nm` da `objdump`. Ana kuma buƙatar takarda da biro, domin lissafin da hannu za a fara yin sa. Lambobin da suka fara da `0x` na lissafin goma sha shida ne, inda 0x10 take nufin 16.

Mataki na farko: rubuta yankuna biyu

Shiri mai girma ba a fayil ɗaya ake rubuta shi ba, ana raba shi yanki-yanki, a fassara kowanne shi kaɗai. Ga yanki na farko, a fayil mai suna `babba.asm`:

```
global _start
extern buga

section .data
sako:   db "Sannu", 10
tsawo   equ $ - sako
        align 4, db 0
adadi:  dd 0

section .bss
wuri:   resb 64

section .text
_start:
        lea rsi, [rel sako]
        mov edx, tsawo
        call buga
        mov eax, 60
        xor edi, edi
        syscall
```

Ga na biyu, a `rubutu.asm`, wanda aikinsa shi ne fitar da saƙon a allo:

```
global buga

section .text
buga:
        mov eax, 1
        mov edi, 1
        syscall
        ret
```

Lamba 1 a cikin `eax`, ɗaya daga ƙananan ma'ajiyoyin da ke cikin firosesa, ita ce roƙon rubutu a wurin Linux, 60 kuma roƙon fita daga shiri. Kalmar `global` tana sanar da cewa wasu yankuna za su iya kiran wannan suna, `extern` kuma tana gaya wa asembula cewa sunan yana wani yanki dabam, kada ta neme shi a nan.

Mataki na biyu: buɗe ƙidaya dabam ga kowane sashe

Zuciyar aikin duka ita ce ƙidayar wuri, wata lamba da asembula take riƙewa wadda ke nuna bayit nawa ta riga ta ajiye (bayit shi ne ma'aunin wuri a ma'adana, mai ɗaukar harafi ɗaya kamar S). A NASM ana ganinta da alamar `$`, a asembula ta GNU kuma da ɗigo. Abin da ɗalibai da yawa suke kuskurewa shi ne, ƙidayar ba guda ɗaya ba ce ga fayil ɗin duka. Kowane sashe yana da tasa, kowacce kuma daga sifili take farawa. Sashen `.text` na umarni ne, `.data` na bayanan da aka ba su ƙima tun farko, `.bss` kuma na wurin da aka keɓe ba tare da an zuba komai a ciki ba. Idan mai shiri ya bar `.text` ya shiga `.data` sannan ya dawo, ƙidayar `.text` za ta ci gaba daga inda ta tsaya, kamar ba a taɓa barinta ba.

A ja layi uku a takarda, a sa wa kowanne sunan sashe, a rubuta 0 a samansa. A fara da `.data`. Laƙabin `sako`, wato sunan da aka sa a farkon layi da ɗigo biyu a bayansa, ya zo ƙidaya tana 0, saboda haka ƙimarsa ita ce sashen `.data`, nisa 0. Haruffan "Sannu" biyar ne, lamba 10 ta sabon layi ta cike shida, ƙidaya ta koma 6. Layin `tsawo equ $ - sako` yana cire 0 daga 6, ya sami 6, bai kuma cinye ko bayit ɗaya ba. A lura da bambancin da ke nan, domin yana da nauyi: `sako` adireshi ne da zai canza idan sashen ya sami mazauninsa, amma `tsawo` tazara ce tsakanin wurare biyu na sashe ɗaya, wadda ba za ta canza ba duk inda aka kai sashen. Na farko suna ne mai motsi, na biyu tsayayye.

Umarnin `align 4` yana tura ƙidaya zuwa lamba ta gaba da 4 take raba ta ba saura, wato daga 6 zuwa 8, a cike bayit biyun da sifili. Don haka `adadi` ya sauka a 8, ya ci bayit huɗu, sashen ya ƙare a 12. A `.bss` kuwa, `wuri` yana 0, ƙidaya ta tsallaka zuwa 64, amma babu bayit 64 da za a rubuta a fayil. Girman kawai ake ajiyewa, sai lokacin loda shiri a ware wurin a cike shi da sifili.

Mataki na uku: auna tsawon kowane umarni

A nan ne aikin yake da ɗan nauyi, domin umarnin x86 ba tsawo ɗaya gare su ba, suna iya kamawa daga bayit 1 har 15. Dole asembula ta san tsawon kowanne kafin ta san inda na gaba zai sauka. A bi su ɗaya bayan ɗaya a layin `.text`.

Laƙabin `_start` yana 0. Umarnin `lea rsi, [rel sako]` yana farawa da bayit uku, 48 8D 35, sai bayit huɗu na nisa, jimla 7. Gurbin nisan ya fara a matsayi na 3, a riƙe wannan lamba. Umarnin `mov edx, tsawo` ya sauka a 7, kuma tun da `tsawo` tsayayye ne, asembula tana rubuta shi cikakke nan take: BA 06 00 00 00, bayit biyar. Ana fara rubuta ƙaramin ɓangaren lamba ne kafin babba, haka tsarin x86 yake. Umarnin `call buga` ya sauka a 12, bayit ɗinsa na farko E8, gurbin nisa kuma ya fara a 13, wato 0xD. Daga nan `mov eax, 60` yana 17 da bayit biyar, `xor edi, edi` yana 22 da bayit biyu, `syscall` yana 24 da bayit biyu. Sashen ya ƙare a 26, wato 0x1A.

Yanki na biyu ba ya buƙatar dogon bayani: 5 da 5 da 2 da 1, jimla 13, `buga` kuma yana 0 a nasa sashen `.text`. Yanzu akwai sunaye biyu, `_start` da `buga`, kowanne yana cewa shi ne a 0 na `.text`, kuma dukansu gaskiya suka faɗa, domin kowanne daga farkon yankinsa ya ƙirga.

Kafin a wuce, a gwada lissafin hannu da na na'ura. A buga `nasm -f elf64 babba.asm -l babba.lst`, sannan a buɗe `babba.lst`. A gefen hagu za a ga matsayin kowane layi da bayit ɗin da aka samar, guraben da ba a cike ba kuma an sa su cikin baka. Ina ba kowane ɗalibi shawara kada ya buɗe wannan fayil sai ya gama nasa lissafin, domin wanda ya fara gani kafin ya ƙirga yakan ɗauka ya fahimta, sai ranar da shirinsa ya lalace ya rasa ta inda zai fara bincike.

Mataki na huɗu: cika teburin sunaye, da matsalar sunan da ke gaba

Duk lokacin da asembula ta ci karo da laƙabi, tana shigar da shi teburin sunaye tare da abu uku: sashensa, nisansa daga farkon sashen, da ko na cikin gida ne ko na kowa. Umarnin `nm babba.o` yana nuna teburin da ke cikin `babba.o`, fayil ɗin da NASM ta samar daga `babba.asm`. Za a ga `_start` da babban harafin T, alamar yana sashen umarni kuma na kowa ne. Sai `sako` da `adadi` da ƙaramin d, wato bayanai na cikin gida. Sai `wuri` da ƙaramin b, alamar `.bss`. Sai `tsawo` da ƙaramin a, alamar tsayayye. Sunan `buga` kuma da U, babu lamba a gabansa, domin ba a san shi a wannan yanki ba.

Akwai matsala idan umarni ya ambaci laƙabin da bai zo ba tukuna, kamar `jmp gaba`, wato tsalle zuwa `gaba`, alhali `gaba` yana layi ashirin a ƙasa. A lokacin da asembula take kan wannan layi, sunan bai shiga tebur ba. Tsohuwar mafita ita ce zagaye biyu: a zagayen farko a ƙirga tsawo a cika tebur ba tare da samar da komai ba, a na biyu a dawo a rubuta bayit ɗin tun da yanzu an san kowane suna. Sai dai x86 ya ƙara wa lamarin sarƙaƙiya, domin tsalle iri biyu ne. Gajere yana da bayit 2, EB da nisa na bayit ɗaya, kuma ba ya wuce 128 a baya ko 127 a gaba. Dogo yana da bayit 5, E9 da nisa na bayit huɗu. Tsawon umarnin ya dogara da nisan laƙabin, nisan laƙabin kuma ya dogara da tsawon umarnan da ke tsakani, har da wasu tsallen da su ma ba a yanke girmansu ba. Idan tsalle ɗaya ya koma dogo, duk abin da ke bayansa ya matsa da bayit uku, wannan matsawa kuma tana iya fitar da wani tsallen daga iyakar 127. Shi ya sa NASM take maimaita zagaye har sai lambobin sun daina canzawa. Wanda yake so ya yanke hukunci da kansa yana iya rubuta `jmp short gaba` ko `jmp near gaba`, idan kuma gajeren bai kai ba, asembula za ta ƙi fassarawa ta sanar da shi.

Tsalle a cikin sashe ɗaya na yanki ɗaya ba ya barin gurbi, domin tazara ce, irin ta `tsawo`.

Mataki na biyar: karanta bayanan cike gurbi

Gurabe biyu suka rage a `babba.o`, na matsayi 3 da na matsayi 13, kuma dalilinsu ya bambanta. A na farko, asembula ta san `sako` sarai, amma yana `.data` alhali umarnin yana `.text`, ita kuma ba ta san tazarar da za ta kasance tsakanin sassan biyu ba. A na biyu, ba ta ma san inda `buga` yake ba. Ga kowanne tana rubuta sifili huɗu, ta kuma ajiye bayani a wani tebur na musamman a cikin fayil ɗin, wanda aka tsara shi bisa ELF, tsarin fayilolin shiri na Linux. A buga `objdump -r babba.o` a gani.

Kowane bayani yana ɗauke da abu huɗu: matsayin gurbin, irin lissafin da za a yi, sunan da ake nufi, da wani ƙari. Na farko zai nuna matsayi 3, iri `R_X86_64_PC32`, sashen `.data`, ƙari −4. Na biyu zai nuna matsayi 0xD, iri ɗaya, sunan `buga`, ƙari −4. Wannan −4 yakan rikita masu koyo, amma dalilinsa a fili yake: firosesa yana ƙirga nisa ne daga farkon umarni na gaba, shi kuma bayanin yana nuna farkon gurbin, wanda yake bayit huɗu kafin nan. Da a ce `adadi` aka nufa maimakon `sako`, ƙarin zai zama 8 a cire 4, wato 4, domin NASM takan danganta sunayen cikin gida da farkon sashensu. Mai amfani da asembula ta GNU zai iya ganin `R_X86_64_PLT32` a kan kira, amma a shiri irin wannan da aka haɗa shi wuri ɗaya, sakamakon lissafin ɗaya ne.

Wannan dabara ta girmi kwamfutocin da muke riƙewa da nisa. A 1949, a jami'ar Kambirij ta Ingila, David Wheeler ya tsara wa na'urar EDSAC umarnan farawa da ke gyara adireshin ƙananan shirye-shirye a lokacin loda su, ta yadda za a iya ajiye kowanne a duk inda aka sami wuri a ma'adana.

Mataki na shida: yi aikin mahaɗi da hannu

Mahaɗi, wato `ld`, shi ne yake tattara yankuna ya ba kowane sashe mazauni. A fassara yanki na biyu da `nasm -f elf64 rubutu.asm`, sannan a buga `ld -o shiri babba.o rubutu.o`. Zai jera sassan `.text` duka wuri ɗaya bisa tsarin da aka ambaci fayilolin, haka kuma `.data`. A ɗauka ya ajiye `.text` a 0x401000 da `.data` a 0x402000, kamar yadda ya saba a Linux na yanzu. Idan naka ya bambanta, `readelf -S shiri` zai nuna ainihin lambobin, sai ka maimaita lissafin da su.

Sashen yanki na farko ya kama daga 0x401000 zuwa 0x40101A. NASM takan nemi a daidaita `.text` a kan 16, don haka na yanki na biyu zai fara a 0x401020, nan ne kuma adireshin `buga`. Ƙa'idar `R_X86_64_PC32` ita ce adireshin suna, a haɗa da ƙari, a cire adireshin gurbi. Gurbin kira yana 0x401000 da 0xD, wato 0x40100D. Idan aka cire shi daga 0x401020 saura 0x13, wato 19, a cire 4 saura 15, wato 0xF. Umarnin zai zama E8 0F 00 00 00. A tabbatar ta ɗaya hanyar: umarni na gaba yana 0x401011, a ƙara 0xF, an sauka daidai a 0x401020.

Gurbin `lea` yana 0x401003. Daga 0x402000 saura 0xFFD, a cire 4 saura 0xFF9, wanda za a rubuta F9 0F 00 00. A buga `objdump -d shiri` a kwatanta da takarda. Sannan a sake haɗawa da fayilolin a juye, `ld -o shiri rubutu.o babba.o`, a ga yadda `buga` ya koma 0x401000, `_start` ya koma 0x401010, nisan kiran kuma ya zama na komawa baya, alhali ba a taɓa ko harafi ɗaya a rubutun shirin ba.

Kurakurai biyu ne suka fi yawa a wannan gaɓa, kuma wanda ya san tsarin yakan gane su daga wanda ya yi ƙorafin. Idan aka manta `extern buga`, asembula ce za ta koka, domin ta gama zagayenta sunan bai shiga tebur ba. Idan aka manta `global buga` a yanki na biyu, asembula za ta yi shiru a fayilolin biyu, sai mahaɗi ya koka cewa akwai gurbin da babu mai cike shi, domin sunan yana nan amma na cikin gida ne.

Inda babu mahaɗi

Masu gyaran kwamfuta sukan fi sha'awar wannan ɓangare, domin ya shafi abin da suke gani kullum idan na'ura ta ƙi tashi. A tsohon tsarin BIOS, wato manhajar da ke fara aiki idan aka kunna kwamfuta, sashen farko na faifai mai bayit 512 ake ɗauka a loda shi a adireshi 0x7C00, a miƙa masa ragama. Irin wannan shiri ana fassara shi da `nasm -f bin`, ba teburin sunaye a fayil ɗin, ba bayanin cike gurbi, ba kuma mahaɗin da zai gyara komai. Don haka dole mai shiri ya rubuta `org 0x7C00` a sama. Wannan umarni ba ya kai shirin ko'ina, yana gaya wa asembula ne kawai lambar da za ta ƙara a kan kowane nisa idan ta zo rubuta cikakken adireshi. Idan aka manta shi, tsalle zai ci gaba da aiki tun da tazara yake amfani da ita, amma `mov si, sako` zai nuna wani wuri kusa da sifili, inda BIOS yake ajiye teburin adireshin ayyukansa, sai allo ya nuna tarkacen haruffa ko ya zauna fayau.

A ƙarshen fayil ɗin ana rubuta `times 510 - ($ - $$) db 0`, sannan `dw 0xAA55`. Alamar `$$` farkon sashe ce, don haka `$ - $$` shi ne adadin bayit ɗin da aka riga aka ajiye, ba ruwansa da abin da `org` ya ce. Ana cike sauran da sifili har 510, bayit biyun ƙarshe kuma su sauka a faifai a matsayin 55 sannan AA, alamar da BIOS yake dubawa kafin ya amince da faifan. Idan shirin ya wuce bayit 510, lissafin zai fito ƙasa da sifili, NASM ta ƙi fassarawa, sai a koma fayil ɗin `.lst` a duba layin da ƙidaya ta haye 0x1FE, a san yawan bayit ɗin da za a rage.